Kwana uku a ƙasa cikin dazuzzukan Jura, inda ruwa ya ɓoye ƙauyuka shekara 5000

Da wuya ka shiga butik a Maraɗi ko Damagaram ba ka tarar da ɗan kwalin nan mai zagaye ba, wanda aka zana jar saniya tana dariya a bisansa. Da yawa cikin masu sayar da shi ba su taɓa tambayar garin su saniyar nan ba. To, garinsu Lons-le-Saunier, babban birnin gundumar Jura, a gabashin Faransa, kusa da iyakar Suwis. A can aka fara yin wannan cuku a shekarar 1921. Ni ma iyakar abin da na sani game da garin ke nan, sai kuma abin da aka karantar da mu a lise, cewa a nan aka haifi Rouget de Lisle, wanda ya tsara taken ƙasar Faransa. Da aiki ya kai ni can, sai na samu kwana uku ba ni da abin yi. Mai masaukina ya ce mu hau tudu mu yi tafiyar ƙasa. Na ɗauka ba'a yake yi mini.

A wurinmu, kamar yadda mai karatu ya sani, tafiyar ƙasa ta wanda ya rasa kuɗin mota ce. Ma'aikacin da aka gani yana tafe a ƙasa daga gida zuwa biro, kafin azahar an tambaye shi ko moto ce ta lalace, ko kuwa albashi ne bai fito ba. A can kuwa, likita da alƙali da mai babban kanti su ne za su ajiye mota a bakin daji, su goya jaka, su riƙe sanda, su yini suna hawa suna gangara, da dare kuma su biya kuɗi su kwana a ɗakin da mutum takwas ke minshari. Na bi shi don kada a ce baƙo ya raina karamci.

Fari a sama, ja a ƙasa

Alamomin hanya ne suka fara ɗaukar hankalina, tun kafin dajin kansa. A jikin itace, a kan dutse, a gefen bango, za ka ga layi biyu na fenti, fari a sama, ja a ƙasa, tsawonsu bai wuce tafin hannu ba. Ma'anarsu kana bisa babbar hanyar ƙafa, wadda suke kira GR. Idan rawaya ne da ja, hanyar tana kewaya yanki guda ne ta komo. Idan rawaya ne kaɗai, yawo ne na yini ɗaya ko ƙasa da haka. Inda za a karkata, alamar takan lanƙwashe ta nuna dama ko hagu. Inda ka kuskure, sai ka ci karo da fenti a gicciye, wato ka koma da baya. Baƙon da ba ya jin ko kalma ɗaya ta faransanci zai iya kwana goma yana tafiya da ƴan alamomin nan bai tambayi kowa ba.

Tsarin ya samo asali a 1947, bayan yaƙin duniya na biyu, lokacin da wani ma'aikacin banki mai son yawon daji, Jean Loiseau, tare da abokansa, suka kafa kwamiti don shata irin waɗannan hanyoyi. Ta farko da suka buɗe tana bin kogin Loire, tsakanin Orléans da Beaugency, kilomita 28. A yau hanyoyin masu fari da ja sun kai kimanin kilomita 60,000 a faɗin ƙasar. Masu shafa fentin dubban mutane ne da ke aikin sa kai, da yawansu tsofaffin ma'aikata da suka ajiye aiki. Kowanensu da yankin da aka ba shi, yana bi da gwangwani da buroshi yana sabunta abin da ruwa ya wanke, yana sare reshen da ya rufe alama.

Hanyar da muka ɗauka wani yanki ne na wadda ake kira Échappée jurassienne, mai tashi daga garin Dole ta bi fiye da kilomita 300 zuwa Saint-Claude. Mu tsakiyarta kawai muka ci, wurin da ake kira ƙasar tabkuna. Ƙanƙarar da ta rufe tuddan nan a zamanin tsananin sanyi ce ta ƙwaƙule kwaruruka. Da ta narke, fiye da shekara 15,000 da suka wuce, sai ta bar ruwa kwance a cikinsu. Da hantsin ranar farko muka fito daga cikin itatuwa a kan wani dutse a bisa ƙauyen Fontenu, sai ga tabkin Chalain shimfiɗe a ƙarƙashinmu. Tsawonsa ya kusa kilomita 3, faɗinsa ya ɗan wuce kilomita 1, zurfinsa ya haura mita 30. Ruwansa kamar an jiƙa shuni an sirka da kore, saboda wata farar ƙasa mai kama da alli da ke kwance a gindinsa. Mai masaukina ya miƙa sandarsa zuwa can ƙarshen yamma, inda gaɓar ta kwanta, babu komai sai fadama da ciyawar ruwa, ya ce abin da ya kawo ni in gani yana wurin.

Shekarar da aka zuƙe tabkin

A 1904 aka haƙa wa tabkin mafita don a juya injin wutar lantarki. Aikin ya haɗu da fari, ruwa ya sauka kusan mita 9. Sai mutanen ƙauyukan da ke kewaye suka wayi gari suka ga dubban turaku baƙaƙe a tsaye cikin farar laka, jere-jere, a wurin da tun kakanninsu ba su san komai ba sai ruwa. Tsakanin turakun ga tukwane, ga ƙahonin barewa da aka sassaƙa, ga ludayin itace, ga gatura na dutse, irin waɗanda manomanmu kan tsinta a gona su ce gatarin aradu ne. Abin da ya biyo baya bai yi daɗin ji ba. Gaɓar da ruwa ya daina tallafa ta riƙa zaftarewa cikin tabki da kufan da ke kanta. Abin da bai zaftare ba kuma, masu sha'awa da dillalai suka faɗa masa da shebur, aka kwashi kaya aka sayar, suka watsu a gidajen tarihi da ɗakunan masu kuɗi, ba tare da an rubuta inda aka ɗauko kowane ba.

Dalilin da ya sa kayan suka kai wannan lokaci shi ne ruwan. Itacen da ke nutse cikin laka, inda iska ba ta shiga, ba ya ruɓewa. Haka igiya, haka kwando, haka ƙwayar hatsi. Amma ranar da ya sha iska da rana, cikin ɗan lokaci sai ya tsattsage ya zama gari. Daga cikin abin da aka tsirar a shekarar akwai wani kwalekwale da aka fafe daga gungumen itace ɗaya, tsawonsa ya wuce mita 9, shekarunsa kusan 3000. Yana ajiye a Lons-le-Saunier. Wanda ya taɓa ƙetare Kwara a Gaya ko Ayoru, in ya ga siffarsa ba zai yi baƙunta ba.

Ba a Chalain aka fara ganin irin waɗannan kufai ba. A hunturun 1853 zuwa 1854 ruwan tabkin Zurich, a Suwis, ya ja baya, turaku suka bayyana, wani masani mai suna Ferdinand Keller ya ce mutanen da suna gina ƙauyensu ne a kan wani babban dandamali a tsakiyar ruwa. Hoton ya shiga littattafan lakwal, ya zauna a kan yara shekara da shekaru. A Jura ma, tun 1870 Jules Le Mire ya gano irinsu a tabkin Clairvaux, wanda ba shi da nisa da Chalain. Daga baya wasu masana suka tashi suka ce Keller mafarki ya yi: a ƙasa aka gina gidajen, a bakin tabki, ruwa ne ya hau daga baya ya cinye su. An yi wajen shekara ɗari ana wannan gardama, kowa da turakunsa a matsayin hujja.

Amsar da aka samo daga tabkin Nokoué

Ƴan kasuwarmu da suka san Kwatano sun san tabkin Nokoué, wanda bakinsa ke bayan kasuwar Dantokpa, sun kuma san Ganvié da sauran ƙauyukan Tofinu masu gidaje bisa dirkoki. Can ne Pierre Pétrequin da matarsa Anne-Marie, waɗanda suka fara tono a Clairvaux tun 1970, suka tafi neman amsa. Suka zauna cikin masunta suna kallon abubuwan da ba wanda ke kula da su: inda tukunya kan faɗa in ta suɓuce daga bisa dandamali, yadda toka da ƙashin kifi ke taruwa a ƙarƙashin ɗaki, yadda ambaliya ke kwashe shara mara nauyi ta bar mai nauyi, shekara nawa dirka kan yi kafin ta ruɓe. Suka fitar da littafi a kan wannan a 1984. Da suka koma Jura suka auna abin da suka gani da abin da ke cikin laka, sai lissafin ya fito: gidajen Chalain da Clairvaux an gina su ne a gaɓar da ruwa kan hau ya sauka, daɓensu a ɗage bisa turaku. Da rani mutum ya taka ƙasa ya shiga gida, da cikar ruwa kuma tabki ya ratsa ta ƙarƙashinsa. Na yi murmushi da na ji wannan labari. Mun saba ganin masani ya zo daga Turai ya gaya mana tarihinmu. Ga shi nan masuncin Benin ne ya koya wa bature karatun gidan kakansa.

A gaɓar yammacin Chalain kaɗai an ƙirga kufai wajen 30, mafi yawansu daga shekara 5200 zuwa 4600 da suka wuce. Wasu na Clairvaux sun girme su da ƙarnuka. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda ake sanin shekarunsu. A ƙasar da ke da hunturu, itace kan ƙara zobe ɗaya a cikinsa kowace shekara, mai kauri in shekarar ta yi kyau, siriri in ta yi tsanani. Idan aka yanka turke aka jera zobbansa kusa da na wasu itatuwan da aka riga aka san shekarunsu, sai a gane shekarar da aka sare shi, ba ƙari ba ragi. Ta haka aka gano cewa ƙauyukan nan ba su daɗewa. Gida mai kimanin mita 8 a tsaye da 4 a kwance yakan yi wajen shekara goma. Ƙauye kuma, mai gidaje goma sha wani abu da rumbunansa, sau da yawa bai kai shekara ashirin ba ake tashi, a bar wurin, wasu su dawo bayan an jima. Turakun har suna nuna yadda dajin da ke kewaye ya riƙa canzawa saboda yawan sara.

Manoma ne kuma makiyaya. Suna shuka alkama da sha'ir da wani irin wake, da wata ciyawa da ake saƙa da zarenta. Suna kiwon shanu da tumaki da aladu, suna farautar barewa, suna tara ƴaƴan itatuwan daji don hunturu. Suna kuma fatauci, ko wani abu mai kama da shi, domin an samu wuƙaƙen dutsen ƙyastu da aka sassaƙa a Grand-Pressigny, ɗaruruwan kilomita yamma da nan. Ƙauyen yakan sa shinge ta ɓangaren tudu, da hanyar katako da ke ratsa fadama zuwa ƙofa. A 1999, a kufan da aka ba lamba 19, aka tono wani abin jan kaya: dogayen sanduna biyu da aka haɗa kansu, aka gicciya musu ƴan itatuwa, shanu na ja gindinsu na jan ƙasa, wato amalanke kafin a sa masa ƙafa. Tare da shi akwai karkiya. Shekarunsu wajen 5000, suna cikin tsofaffin shaidun sa dabba aikin ja a Turai. Masanan ba su tsaya ga tono ba. A 1988 sun gina gidaje biyu a bakin tabkin da irin kayan aikin wancan zamani, suka zuba musu ido suna tsufa, don su ga yadda irin wannan gini ke lalacewa da abin da yake bari a ƙasa.

Da la'asar muka kai ƙarshen yamma. Na yi ta baza ido, ban ga turke ko ɗaya ba. Na ce wa mai masaukina ya sa ni tafiyar yini don in kalli ciyawa. Ya ce ai ciyawar ita ce aikin. A shekarun 1990 an rufe kufan da ƙasa, an ƙarfafa gaɓar, an dasa tsirrai, aka hana shiga wurin. Hanyar ƙafa tana kewaye shi daga nesa, akwai alluna da ke bayyana abin da ke ƙarƙashi, shi ke nan. A 2011 UNESCO ta sa irin waɗannan kufai 111 cikin kayan gadon duniya, a ƙasashe shida da ke kewaye da tsaunukan Alpes: 56 a Suwis, 19 a Italiya, 18 a Jamus, 11 a Faransa, 5 a Otirish, 2 a Siloveniya. Biyu daga na Faransa su ne Chalain da Clairvaux. Kusan dukansu ba a ganinsu da ido.

Ina tsaye a wurin sai Bura ta faɗo mini a rai, can wajen Tera, inda aka gano tukwanen kabari masu siffar mutane a 1975, Bube Gado ya tona su bisa ƙa'ida a 1983. Da labarinsu ya kai Turai, sai masu shebur suka bi dare, aka yi wa yankin irin abin da aka yi wa Chalain a 1904, har ya fi. Dokar kare kayan tarihinmu ta 1997 ta zo ta tarar da ramuka. Mutanen Jura ba su fi mu kirki ba. Sun dai riga mu yin ɓarnar da shekaru masu yawa, suka kuma samu lokacin yin nadama.

Kogin bushiya da tabkuna huɗu

Rana ta biyu muka tashi daga Doucier, muka bi kwarin da tabkunan Chambly da Val ke kwance, har gindin magangarun kogin Hérisson, sunan da a faransanci yake daidai da bushiya. Kogin ƙarami ne, amma cikin kilomita 3.7 yana saukowa fiye da mita 250, yana tsalle daga dutse zuwa dutse. Manyan magangarunsa bakwai. Ta farko in ka taso daga ƙasa ita ce Éventail, mita 65, ruwan yana bajewa bisa matakan dutse kamar mafici. Ta biyu, Grand Saut, mita 60, faɗuwa ɗaya. Daga nan hanya ta zama matakala da santsi da saiwoyi, an kafa ƙarfen riƙo a wuraren haɗari. A nan na gane amfanin sandar da na ƙi karɓa da safe. Wata tsohuwa da ta kai sa'ar kakata ta wuce ni a hawan, ta gaishe ni, ban samu numfashin amsawa ba.

A sama akwai kangayen maƙera da na injin niƙa, domin kafin zuwan lantarki ƙarfin ruwan nan ne ke hura zugazugi yana juya dutse. Yau masu yawo ne abincin kwarin. Ɗaruruwan dubbai ke zuwa a shekara, mafi yawa a Yuli da Agusta. Hanyar kyauta ce, amma a lokacin cunkoso ana biyan kuɗin ajiye mota a ƙasa. Sai dai wanda ya zo a tsakiyar zafi yana iya tarar da dutse busasshe: a shekarun fari kamar 2018 da 2022 kogin ya kusa ƙafewa.

Rana ta uku ta fi sauƙi a ƙafa, ta fi kyau a ido. Daga Ilay muka hau Pic de l'Aigle, mita 993, inda in sama ta washe ake hango farin kan Mont Blanc. Daga can hanya ta bi bakin dutse zuwa wurin da ake ganin tabkuna huɗu a lokaci guda: Ilay mai ɗan tsibiri, Narlay, da Maclu babba da ƙarami, kowane da launinsa. Kusan rabin gundumar Jura daji ne. A nan sama itatuwan da suka fi yawa masu ganye kamar allura ne, miƙaƙƙu tamkar turken lantarki. Amma cikin koren za ka ga faci-faci ja, wani wurin kuma fili ne da kututture. Tun daga 2018, fari ya raunana itacen da suke kira épicéa, wani ɗan ƙwaro mai shiga ƙarƙashin ɓawo ya same shi a kwance, yana kashe shi gona-gona. Ƙauyuka da yawa a nan su ke da dajinsu, kuma da kuɗin katako suke gyara lakwal da hanya, don haka asarar ta shiga baitulmalinsu kai tsaye. A dajin akwai wata babbar kyanwar daji, lynx, wadda ta dawo daga Suwis a shekarun 1970. Ban gan ta ba. Abin da na gani kaska ce, a ƙwaurina, kuma a can ba a wasa da ita don tana ɗauke da cuta. Duk mai tafiya yakan duba jikinsa da yamma.

Tsakanin daji da daji makiyaya ce, shanu ja da fari da ƙararrawa a wuya. Hanyar takan ratsa ta cikinsu, ƙa'ida kuwa ɗaya ce: ƙyauren da ka buɗe ka rufe shi. Nonon shanun nan ne ake kai wa ɗakin cuku na ƙauye, wanda makiyaya suka haɗa hannu suka mallaka, al'adar da ta faro tun ƙarni na 13. A can ake yin Comté: lita 400 na nono ke ba da dunƙule ɗaya mai kilo 40, a ajiye shi aƙalla wata huɗu kafin a sayar. Mai tafiyar ƙasa ba ya wuce irin wannan ɗaki bai saya ba. Wannan ne lissafin da magadan gari suka gane tuni. Mai mota yakan tsaya ya ɗauki hoto ya wuce, mai ƙafa kuwa dole ya ci a nan, ya kwana a nan, gobe ya ci a ƙauye na gaba.

Na tambayi abin da ke hana manomi ya wayi gari ya nome hanyar, ko magajin gari ya sayar da ita. Dokar 22 ga Yulin 1983 ce. Ta ɗora wa kowace gunduma ta rubuta hanyoyin ƙafarta a cikin kundi, bayan majalisar kowane ƙauye ta amince. Hanyar da ta shiga kundin ba a sayar da ita ko a toshe ta sai an ba da wata a madadinta, don kada tafiya ta yanke. Inda ta ratsa gonar wani, sai an yi yarjejeniya a rubuce da mai gona. Ma'aikatanmu na kwamitocin ƙasa za su ce ai wannan labarin burtali ne, kuma gaskiyarsu. Mu ma muna da kundin dokokin karkara na 1993 da dokar kiwo ta 2010, muna da turakun siminti a gefen burtali. Bambancin da na gani shi ne tsohon nan mai gwangwanin fenti, wanda ke bin yankinsa a kai a kai, in ya tarar an ja waya a hanya ya kai ƙara tun kafin wayar ta zama iyaka.

Tabkin da ke neman numfashi

Duk da haka Chalain ba shi da lafiya. Shekaru da yawa ana rage ruwansa, da farko don lantarki, daga baya kuma a lokacin zafi don yashin gaɓa ya fito masu wanka su samu wurin kwanciya. Aka kafa manyan sansanonin tantuna a bakinsa, dubban mutane na kwana a wurin kowane Agusta. Taki daga gonaki da ƙazantar ruwa suka riƙa gangarowa, zafin shekarun nan ya ƙaru a kai, har masu auna ruwa suka nuna cewa iskar shaƙa tana ƙarewa a can gindin tabkin. Hawa da saukar ruwan kuma yana cin gaɓar da kufan ke ciki.

A farkon shekarun 2020 hukumomi suka yanke shawara mai ɗaci: a daina rage ruwan don masu wanka, a kuma rufe babban sansanin tantuna da ke hannun gunduma a ƙarshen gabas. Masu gidajen abinci da ƴan butik na kewayen ba su ji daɗi ba, kuma duk ɗan kasuwa zai fahimce su, domin wata biyu na zafi ne ke ciyar da su shekara. Ni dai ina ganin hukumomin sun yi daidai, ko da yake ba ni ne zan biya hayar kanti a Doucier ba. Ko masu jaka da sanda, waɗanda ke zuwa tun daga bazara har kaka, za su cike gurbin masu tanti, wannan gardama ce da ake yi a gidajen shan kofi na yankin. A ranar da muka sauko, yashin gaɓa ya rage kaɗan, yara na wanka a gefen ciyawa, can yamma kuma ruwa na kwance bisa turakun.